Anti, Na Gaji Amma Barci Ya Ƙi Zuwa

TAMBAYA: Assalamu alaikum Anti. Ni malama ce a wata makarantar kuɗi a nan Gombe, ina zaune a Pantami, kuma ajina yara 58 ne. Ƙarfe huɗu na asuba nake tashi in soya awara ta saidawa, in shirya yarana huɗu, in yi wa surukata wanka don tun bara ta samu shanyewar ɓarin jiki, sannan in fita neman keke. In na dawo ga girki, ga duba littattafan yara har sha ɗayan dare. Yau wata biyar ke nan na rasa gane kaina. A gajiye nake, amma in na kwanta idona biyu. Yaran da nake ƙauna yanzu ko muryarsu ba na son ji. Ranar Talata na daka wa wata 'yar ajina tsawa har ta saki fitsari, na shige banɗaki na yi ta kuka. Sallah ma sai in sallame ban san me na karanta ba. Maigidana ya ce rashin godiyar Allah ce, yayata ta ce a nemo mai ruƙiyya. Anti, imanina ne ya yi rauni?

Malama daga Pantami

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanwata. Da na gama karanta wasiƙarki sai na ɗauki biro. Daga sha ɗaya zuwa huɗu awa biyar ke nan, in ma barcin ya zo, alhali baligi yana buƙatar awa bakwai ko fiye. Kullum jikinki yana bin ki bashin awa biyu, a wata biyar ya tasam ma awa 300. Duk wanda aka ɗora wa wannan bashin, ko limamin Juma'a ne, sai ya yi rafkanuwa a sallah.

Abin da ke damunki sananne ne. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana shi a kundinta na jerin cututtuka da matsalolin lafiya mai suna ICD-11 a matsayin matsalar da wahalar aiki mai tsawo ke haifarwa, ta kuma ambaci alamu uku: ƙarewar ƙarfi, fitar aikin daga rai har mutum ya riƙa jin haushinsa, da raguwar ƙwazo. Kalmar da Turawa ke kiransa da ita, wato “burnout”, ma'anarta kamar fitilar ƙwai ce da kananzirinta ya ƙare, lagwani ya koma cin kansa. Na san ɗanɗanonsa. Lokacin da nake aikin jinya, bayan makonni ina kwanan asibiti, wata mai naƙuda ta riƙe min hannu tana salati, na ji babu abin da nake so illa ta sake ni. Ban taɓa mantawa da kunyar da na ji a daren ba, kuma ban gyaru ba sai da aka canza min jadawalin aiki.

Batun imani kuwa, ki tuna hadisin Anas da Bukhari da Muslim suka ruwaito. Manzon Allah (SAW) ya shiga masallaci ya ga igiya a ɗaure tsakanin ginshiƙai biyu, aka ce ta Zainab ce, in ta gaji da tsayuwar sallah sai ta riƙe ta. Sai ya yi umarni a kwance ta, ya ce mutum ya yi sallah gwargwadon kuzarinsa, in ya gaji ya zauna. To idan nafila aka ce a sassauta saboda gajiya, ina ga suyar awara? Ki riƙe azkar ɗinki, ki tofa Falaƙi da Nasi a hannu ki shafa kafin kwanciya, wannan ruƙiyya ce da ba sai kin biya kowa ba.

Ba zan ce miki “ki riƙa hutawa” ba, don wannan shawarar ta waɗanda ke da 'yar aiki ce. Hutu ba ya samuwa sai an sauke wani kaya, kuma a cikin kayanki akwai wanda ba ke kaɗai ya kamata ki ɗauka ba. Jinyar surukarki alheri ne, Allah ya ba ki lada, amma nauyin a wuyan 'ya'yan da ta haifa yake. Ina 'yan'uwan maigidanki mata? Na san irinsu, masu zuwa ranar Juma'a da ledar lemo, su ce “sannu da ƙoƙari” su kaɗe mayafi su tafi. Ki samu maigidan bayan ya ci ya ƙoshi, ba a tsakiyar faɗa ba, kuma kada ki fara da “na gaji”, don ya saba jin ta. Ki ce masa, “Baban yara, ina tsoron ranar da zan kwanta, Hajiya ta rasa mai ɗaga ta.” Sai ki kawo abin da kike so dalla-dalla: wance ta karɓi wankan Asabar da Lahadi, ko a haɗa kuɗi a ɗauko mai taimako ta safe. In abin ya fi ƙarfin bakinki, a sa kawunsu ya tara su. Za a yi gunaguni, ki bar su su yi.

Awarar ma ki zauna ki yi mata lissafi. Ki cire kuɗin waken suya, mai, gawayi da niƙa, ki ga abin da ya rage. In ribar ba ta taka kara ta karya ba, ki mayar da ita kwana uku a mako. Littattafan yara kuma ki duba abin da ya samu a makaranta, ƙarfe tara da rabi ki rufe jaka, ki ajiye waya nesa da filo, ki daina shan shayi mai kauri bayan la'asar.

Sannan ki je asibiti cikin makon nan. Ƙarancin jini, ciwon suga da matsalar maƙoƙo duk suna kawo irin wannan kasala, sai a gwada, a auna hawan jini. Ki gaya wa likita maganar kukan da rashin barcin, kada ki tsaya a “ciwon jiki”. Idan baƙin ciki da rashin jin daɗin komai suka wuce mako biyu kusan kullum, yana iya zama ciwon damuwa, kuma yana da magani. Akwai likitocin wannan fanni a Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Gombe, zuwa wurinsu kuma ba hauka ba ne. In har tunanin gara mutuwa ya taɓa ɗarsuwa a ranki, to a ranar za ki tafi, ki tafi da yayar taki. Don Allah kada ki sayi ƙwayar barci a kemis ba da takardar likita ba, na ga matan da ta zame wa jaraba.

Ita kuma yarinyar, gobe ki kira ta gefe inda 'yan ajin ba sa ji, ki ce ta yafe miki, ba laifinta ba ne. Ki sa ido kada a riƙa tsokanarta da zancen fitsarin. In sakamakon gwajin ya fito, ki sake rubuto min, ina son jin yadda kuka ƙare da dangin maigidan.