Shin dabba tana da haƙƙi?

Tambaya: Anti, na hana ƙanena ɗaure karensa cikin rana, sai ya ce dabba ba ta da haƙƙi tunda ba ta da hankali. Haka ne?

Amsa: 'Yata, wannan musun ya girme ku. Masu ra'ayi irin na ƙanenki suna cewa sai mai ɗaukar nauyi ke da haƙƙi. To jariri fa, nauyin wa ya ɗauka? Tun 1789 Jeremy Bentham, wani masanin falsafa na Ingila, ya ce abin dubawa shi ne ko dabba tana jin azaba, kuma a 1822 majalisar Birtaniya ta haramta azabtar da shanu da dawakai. Ni dai ban daidaita kare da mutum ba, amma yana jin ƙishirwa. Ki maida shi inuwa, ki ba shi ruwa.