Kafin ka sayi hita, fara auna ruwanka

Ɗana, na ga saƙonka. Ka ce wani maigida a Zariya yana son rumfar leda a bayan gidansa, a shuka latas da tumatir, a kafa tankin kifi a ciki ruwan kifin ya riƙa shayar da shukar, kana kuma tambayata wace irin hita za ka saya don kada sanyin hunturu ya kashe masa kifi. Tambayarka tana kan hanya, amma akwai wadda ta riga ta. Ajiye maganar hita tukuna, mu fara da ruwa.

Daga ina ruwan gidan yake zuwa? Idan na famfo ne, akwai kilorin a ciki, ka bar shi kwana biyu a buɗaɗɗen duro kafin ya taɓa kifi. Idan na burtsatse ne, yana fitowa ba wadatacciyar iska, sai ka sa ya riƙa faɗowa cikin tanki daga sama yana fantsama. Ɗebi bokiti guda ka ajiye ya kwana. In da safe ka ga ya yi ja-ja kamar tsatsa, akwai ƙarfe a cikinsa, sai an bari ya kwanta an tace. Ruwan sama ya fi duka. Milimita 1 na ruwan sama a kan murabba'in mita 1 na kwano lita 1 ce. Rufi mai murabba'in mita 50, idan damina ta ba da milimita 800, lita 40,000 ke nan take bi ta indararo ta tafi kwata. Ba mai tankin da zai riƙe wannan duka, amma ka tari abin da ya samu, ka bar ruwan farko ya wuce da ƙura da kashin tsuntsaye.

To, ga maganar ɗumi. Tarwaɗa ta fi jin daɗi tsakanin digiri 26 zuwa 30. Idan ruwa ya yi ƙasa da 20 sai ka ga ta lafe a ƙasan tanki, ka watsa abinci ta ƙi tasowa. Ba kasafai sanyinmu ke kashe manya ba, girma ne yake tsayawa, abincin da ba a ci ba kuma ya ruɓe ya ɓata ruwa. Yi lissafin hitar da kanka: kafin lita 1,000 ta ƙaru da digiri 1 sai ta sha wuta kilowat 1 na fiye da awa guda. Daga 18 zuwa 26 kuwa, hita mai wat 1,000 za ta yi sama da awa 9 tana aiki, ban da ɗumin da ke tserewa cikin dare. Wace wutar za ta tsaya maka haka? In da janareta ne, kuɗin mai ya cinye kifin tun bai girma ba.

Ruwan da kansa shi ne ma'ajiyar ɗumi, yana jinkirin zafi, yana jinkirin hucewa. Saboda haka tanki babba guda ya fi ƙanana uku. Binne rabinsa a ƙasa, ka naɗe abin da ya rage da buhunan ɓuntun shinkafa, da magariba ka rufe bakinsa da tampol ka bar 'yar kafar iska. Jera durorin da ka shafa wa baƙin fenti cike da ruwa inda rana ke bugu, su sha zafi da yini su sake shi da dare. In kana son ƙari, naɗa baƙar tiyo a kan kwano, ƙaramin famfo ya riƙa zagaya ruwa ta ciki daga hantsi zuwa la'asar, sai ka kashe, domin da dare tiyon nan sanyi za ta kwaso maka. Kuma ka sa hannu ka ji abin da ke fitowa daga bakinta, da tsakar rana yana iya ƙuna. Kaskon gawayi a rufaffiyar rumfa kam kada ka kuskura, iskarsa mai kisa ba ta da wari, mai gadi zai kwanta kusa don jin ɗumi ya ƙi tashi.

Abin da ya fi damuna ma ba hunturu ba ne, bazara ce. Sanyin wata biyu ne ko uku, amma daga Maris zuwa Mayu rumfar leda tanderu ce. A aikina na farko na rufe ko'ina da leda ruf don tsoron sanyi. Wata ranar Afrilu bayan azahar na ɗaga ƙofa, hucin ya doke ni a fuska, furen tumatir duk ya zube a kan tsakuwar da aka shuka shi a ciki, karfasa sun taru a saman ruwa suna buɗe baki. Kafin magariba na kwashe matattu cike da bokiti, har yau ban manta kallon da mai gidan ya yi mini ba. Don haka ka ɗaga rufin sosai, ka bar mafitar zafi a ƙololuwa, gefuna ka sa raga, ledar gefe ta zama wadda ake naɗewa a sauke ta da hunturu kaɗai. Ruwa mai zafi ba ya riƙe iska, shi ya sa karfasa ke fara galabaita. Ga mai koyo tarwaɗa ta fi, tana tasowa ta shaƙi iska, ko famfo ya tsaya ba za ta mutu nan take ba. Duk da haka ka ɗora famfon ruwa da na iska a kan sola da batir, famfon kuma ya iya juya ruwan tankin gaba ɗaya sau ɗaya a awa.

Kada ka zuba kifi da yawa ranar farko. Kashin kifi amoniya yake fitarwa, guba ce gare su. Wasu ƙwayoyin halitta da ke zama a jikin tsakuwa su ne ke juya ta zuwa takin da saiwa ke sha, kuma sai sun yi mako 4 zuwa 6 kafin su kafu. Fara da kifi kaɗan da alayyafo da latas, tumatir ya jira. Ko tsari ya kankama kada ka wuce kilo 20 na kifi a lita 1,000. Tsakuwar ta zama ta dutse, a wanke ta fes, ban da farar ƙasa.

Sai abu biyu da za ka faɗa wa maigidan da bakinka, a gaban yaransa. Gishirin da masu kiwon tarwaɗa ke zubawa in kifi ya yi ciwo zai ƙone masa shuka, sai dai a ware mai ciwon a baho dabam. Maganin ƙwari da ake fesa wa tumatir kuma zai gangara cikin tanki ya kashe kifi.

Gobe ka sayi ma'aunin zafi, ka cika duro a daidai inda tankin zai zauna. Ka auna da asuba, ka auna da la'asar, kwana bakwai, ka rubuta a takarda. Ka haɗo da awon filin da jarka ɗaya ta ruwan gidan, ka same ni a shago bayan sallar Juma'a mu zana aikin tare.