Tambaya da Amsa: Yaya ake tace ɗaliban da ke zuwa gasar fiziks ta duniya?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Yarona yana aji biyu na babbar sakandare, kullum shi ke zuwa na ɗaya a fiziks, sai malaminsu ya ce wai akwai jarrabawar da ake yi a zaɓi yaran da za su wakilci ƙasa a waje. Don Allah yaya abin yake, kuma sakamakon WAEC ake dubawa ne? Daga wata uwa a Zariya.

AMSA: Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya raya mana shi ya yi masa albarka. A'a, ba ruwansu da WAEC, wannan hanyarta daban. Gasar ita ce Olimfiyad ta fiziks, an fara ta a 1967 a birnin Waso na ƙasar Folan, kowace ƙasa ɗalibi biyar kacal take turawa, kuma dole yaro bai kai shekara 20 ba bai kuma shiga jami'a ba, shi ya sa nake ganin gara da kika tambaya yanzu tun yana aji biyu.

Biyar ɗin nan sai an sha tankaɗe da rairaya ake samun su. Ki ɗauki Amurka, matakin farko tambaya 25 ce ta canki-canka a minti 75, duk a kan motsi da ƙarfi, daga nan kusan 400 su wuce zuwa jarrabawa ta biyu wadda sai ka baje lissafinka layi-layi, sai a ɗebi kamar 20 a kai su sansanin horo a Jami'ar Meriland, a cikinsu ake fitar da biyar. Indiya ma kusan haka, sansaninsu a Mumbai. Mu nan gida Cibiyar Lissafi ta Ƙasa da ke Sheda a Kwali, Abuja, ita ke shirya gasannin zagaye-zagaye, ki sa shugaban makarantarsu ya nemi sanarwar bana.

Amma fa Hajiya kar na ɗayan nan ya ruɗe mu. A aji ana ba yaro fomula ya haddace ya zuba lambobi ya ci, a can kuwa za a ajiye masa abin da bai taɓa gani ba a ce fito da fomular da kanka. A gasar duniya awa biyar ake ba su a kan tambaya uku kawai, maki 30, sannan wata awa biyar ta gwaji da hannu, maki 20, to yaron da bai saba taɓa kayan ɗakin gwaje-gwaje ba nan ake barinsa, komai haddarsa.

Ki gwada shi yau a tsakar gida. Ya ɗaura ɗan dutse a zare mai tsawon mita ɗaya, ya rataye a igiyar shanya, ya ɗan ja shi gefe ya saki, ya ƙirga zuwa da dawowa sau 20 da agogon wayarki, zai samu wajen daƙiƙa 40. Sai ki ce ya fitar miki da ƙarfin jan ƙasa daga nan, ya kamata ya faɗo kusa da 9.8. In ya samu 9.3 kar ya goge ya rubuta na littafi, ki tambaye shi a ina kuskuren ya shigo, awon zaren ne ko yatsansa ne ya makara wajen danna agogo.