Kuɗin gas ya ninka, maƙwabci ya ce a taɓa mita

Tambaya: Assalamu alaikum. Takardar kuɗin gas ɗin bututu ta gidanmu ta zo wannan karon kusan ninki biyu, alhali girkinmu bai ƙaru ba, na'urar ɗumama ruwa ma yadda muka saba muke kunna ta. Mita tana ƙirga kubik mita, takarda kuma tana lissafi da kWh (ma'aunin makamashi), na rasa inda suka haɗu. Hankalina ya tashi: ko gas ne ke yoyo, ko cutarmu ake yi? Maƙwabcinmu ya ce ya san wani mai gyara da zai rage wa mitar gudu, wai kowa haka yake yi. Ya zan yi?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Mu fara da tsoron yoyo, shi ne ba ya jira. Ki kashe duk abin da ke cin gas a gidan, har da 'yar wutar nan da ke ci dare da rana a tsofaffin na'urori. Ki rubuta lambobin mita duka, har waɗanda ke bayan ɗigo, ki dawo bayan awa biyu. In sun motsa, akwai yoyo. In kuwa kin ji wari irin na ruɓaɓɓen ƙwai, ba batun gwaji: kada ki taɓa makunnin lantarki, ki buɗe tagogi, ki rufe gas daga wajen mita, ku fita, ki kira lambar gaggawa daga waje.

In mita ba ta motsa ba, sai takarda. Ki duba ko karatun na gaskiya ne ko kintace. A takardun Turanci harafin E yana nufin kintace, A kuma an karanta da ido. Sau da yawa kamfani yakan yi watanni yana kintace ƙasa da abin da aka sha, ranar da aka karanta mitar sai bashin ya faɗo gaba ɗaya. Ki ƙirga kwanakin da takardar ta ɗauka, don akwai kuɗin haɗi da ake biya kullum ko an kunna ko ba a kunna ba. In sanyi ya shigo, ruwan da ke shiga na'urar ya fi sanyi, dole ta ƙara cin gas.

Batun kWh kuwa, mita yawa take aunawa, kamfani zafi yake sayarwa. A tsarin Birtaniya, ana ninka kubik mita da 1.02264, a ninka da ƙarfin zafin gas ɗin da aka rubuta a takarda, a raba da 3.6. In ƙarfin 39.5 ne, kubik mita 100 zai ba da kusan kWh 1,122. Ki lura da abu guda: tsofaffin mitoci da kubik ƙafa ɗari-ɗari suke ƙirga, kuma ana ninka karatunsu da 2.83 don ya koma kubik mita. In an sa muku sabuwar mita amma kamfani bai gyara bayanansa ba, kuɗinku zai kusa ninkawa uku. Ki gwada lambar jikin mitar da wadda ke takarda.

Yanzu ga mai gyaran nan, kuma ki yi haƙuri, nan zan daɗe, don ba ranar da ba na jin wannan magana. Mutane sun ɗauka mita agogon ƙirga ce kawai, in an taɓa ta kamfani ne ya yi asara. Ba haka ba ne. Gas ɗin gidanki duka ta cikinta yake wucewa, kuma kusa da ita akwai abin da ke sauke matsin gas zuwa daidai ƙarfin murhu da na'urar ɗumama. Wanda ya kwance wurin nan da sifana, ya saka robar ruwa ya ɗaure da waya, abu biyu ya bar miki. Na farko yoyo. Gas ya kai kashi 5 zuwa 15 cikin ɗari na iskar ɗaki, tartsatsin makunnin fitila ya isa ya tashi gidan, har da na maƙwabcin da ya kawo shawarar. Na biyu matsin da ya lalace: wuta ta bar shuɗi ta koma rawaya, gindin tukunya ya yi baƙi, iskar guba ta kabon monoksaid ta fara taruwa. Ita ba ta da launi, ba ta da wari. Ciwon kai da jiri take fara sa wa, mutane su ce gajiya ce, su kwanta, wasu ba su tashi.

A 1937, a garin New London na jihar Texas a Amurka, wata makaranta ta bar sayen gas, ta jona bututunta da na ragowar gas na wani kamfanin mai don rage kashe kuɗi. Gas ɗin ba shi da wari, ya taru a ƙarƙashin ginin ba wanda ya sani. Kusan mutum 300 suka rasu, yawancinsu yara. Bayan wannan ne jihar ta wajabta zuba sinadarin warin da kike ji yau.

Abin da ke ba ni haushi, mai sifanan nan zai karɓi kuɗinsa ya tafi, ba a gidan yake kwana ba. Kuma in an gano, ke za a tuhuma da satar gas, a yanke, a lissafa bashi da tara. Haka masu tallar maganaɗisun da ake liƙa wa bututu wai yana rage ci: ba abin da yake ragewa sai kuɗin aljihunki. "Kowa haka yake yi" ba hujja ba ce a gaban wuta.

Na san kamfanoni ma ba su da sauƙi, a yi ta tura mutum daga wannan layi zuwa wancan. Duk da haka ki ɗauki hoton mitar yau, lambobin karatu da lambar jikinta su fito sosai, ki aika musu a rubuce, ki nemi a sake lissafi da karatun gaskiya. In har yanzu kina zargin mitar, ki nemi a yi mata gwajin hukuma, amma ki tambayi wa zai biya in an same ta lafiya. In bashin gaskiya ne, ki nemi a raba miki shi wata-wata.