Me ya sa adon atamfa ke sauya mini kama?

Tambaya: Malam, ina sayar da atamfa a kasuwar Maraɗi. Idan na ƙura wa zane ido sai in ga furanni, can kuma in ga wata siffa dabam a tsakaninsu. Idona ne ya samu matsala?

Amsa: Hajiya, wannan ba ciwon ido ba ne. Ido haske yake karɓa, ƙwaƙwalwa ce ke tantance abin da ke gaba da wanda ke baya, kuma takan fifita ƙaramar siffa, ko wadda damanta da hagunta suka yi daidai. Idan ɓangarorin biyu suka yi kunnen doki, sai ta riƙa sauyawa tsakaninsu. A 1915 masanin ƙasar Danmak, Edgar Rubin, ya nuna haka da hoton da ake gani kamar kofi, ko kamar fuskoki biyu masu kallon juna.