Sa'a ce ta ɗaukaka J.K. Rowling?

Malam, kana tambaya ko sa'a ce kawai ta ɗaukaka J.K. Rowling, marubuciyar jerin littattafan Harry Potter. A'a, matar ta iya jan zaren labari. Kamfanonin ɗab'i 12 ne suka ƙi karɓar Harry Potter na farko kafin Bloomsbury ya buga shi a 1997, bugun farko mai bangon kwali kwafi 500 kacal. Yara suka riƙa yi wa juna tallarsa, tun ba a fara fim ba.

Na gani da idona. Ƙanwata da ba ta iya minti goma kan littafi, sai ga ta cikin gidan sauro da tocila har asuba. Amma fa littafi na biyar ya yi tsawo, a nan ita ma ta fara tsallake shafuka.