Amsa Ga Ƙanwata Mai Shirin Zuwa Jami'ar Alabama

Ƙanwata,

Bayan gaisuwa da fatan kuna lafiya, ke da su Inna da Kawu. Saƙonki shi ne na huɗu da ya iso ni daga gida a bana a kan karatu a Amurka, amma shi kaɗai ne ya sa na ajiye aiki na zauna rubuta amsa. Kin ce Jami'ar Alabama da ke Tuscaloosa ta ba ki gurbin digiri na biyu, sai dai Kawu ya ƙi sa albarka, domin an faɗa masa ɗaliban manyan jami'o'in kudancin Amurka ba su san komai ba sai giya da casu da ƙwallo, 'ya'yan masu kuɗi ne da karatu bai dame su ba, kuma ba sa ƙaunar baƙar fata, balle Musulma mai hijabi. Shekara shida na yi a garin kafin na karɓi digirin digirgir, saboda haka abin da idona ya gani zan faɗa miki.

Maganar ƙwallo gaskiya ce, har ma wanda ya ba Kawu labari ya rage. Ƙwallon Amurka ake nufi, wadda ake runguma a ruga da ita. Filin wasan jami'ar, Bryant-Denny, yana cin mutum kusan 100,000, wato kusan yawan mazauna garin gaba ɗaya, kuma daga Satumba zuwa Nuwamba duk Asabar ɗin da ake wasa a gida sai ya cika. Tun ranar Juma'a ake kafa rumfuna a tsakiyar makaranta, a rufe hanyoyi, hayaƙin gashin naman alade ya turnuƙe ko'ina. Nick Saban, wanda ya horar da 'yan wasan daga 2007 zuwa farkon 2024, ya ci musu kofin ƙasa sau shida, kuma ana girmama shi kamar sarki. Giya ma ana sha sosai, ko da yake doka ta hana wanda bai kai shekara 21 ba. Na sha ganin yara mata a daren Asabar ƙawayensu na riƙe da su don sun kasa tafiya, abin yana ba ni tausayi. Amma ki gaya wa Kawu, a shekara shida ba wanda ya taɓa tilasta mini shan wani abu, kuma da na ce ba na sha, maganar ta ƙare ke nan.

'Ya'yan masu kuɗin da ake magana su ma suna nan. Su ne 'yan ƙungiyoyin zumunta masu sunayen haruffan Girka, maza daban mata daban, da manyan gidaje kamar fada, inda ake biyan dubban daloli duk zangon karatu. Bidiyon 'yan matansu ne ya cika TikTok tun 2021, kuma ina kyautata zaton shi ne tushen labarin da ya je gida. Sai dai kusan kashi ɗaya cikin uku ne kawai na masu digirin farko ke cikinsu, ke kuwa da za ki yi digiri na biyu babu abin da zai haɗa ki da su. Jami'ar tana da ɗalibai wajen 40,000, fiye da rabinsu ma ba 'yan jihar ba ne, daga Georgia da Texas da Illinois da sauransu suke zuwa.

Cewa ba su da ƙwaƙwalwa kuwa, ƙarya ce, kuma ni ma na zo da wannan raini a zuciyata. Maganarsu a jaye take, a hankali, har sauran Amurkawa suna ɗaukarsu ƙauyawa. Da aka ba ni ajin masu digirin farko in riƙa kula da su a ɗakin gwaje-gwaje, yarinyar da na gani ranar Asabar da fenti ja a fuska tana ihu, ita ce ta gano kuskure a lissafin da na rubuta a kan allo, ta ɗaga hannu ta nuna mini cikin ladabi. Wani yaro kuma da yake gyangyaɗi a aji, na ɗauka daga casu yake, ashe aikin dare yake yi a gidan abinci don ya biya kuɗin makaranta. Jami'ar tana kashe kuɗi mai yawa wajen jawo haziƙan ɗalibai da tallafin karatu. Idan kika zo da tunanin za ki fi kowa don kin yi zarra a gida, jarrabawar farko za ta ba ki kunya.

Yanzu ga maganar launin fata, wadda ita ce ta fi nauyi. Tarihin wurin ba ɓoyayye ba ne. A 1956 Autherine Lucy ta zama baƙar fata ta farko da ta shiga aji a jami'ar, kwana uku kacal ta yi tarzoma ta tashi, aka dakatar da ita, daga baya aka kore ta. Ranar 11 ga Yuni 1963 gwamnan jihar, George Wallace, ya tsaya da kansa a ƙofar zauren Foster don ya tare ɗalibai baƙar fata biyu, Vivian Malone da James Hood. Sai a 2013, bayan jaridar ɗalibai ta fallasa abin, waɗancan ƙungiyoyin 'yan mata fararen fata suka buɗe ƙofa sosai ga baƙaƙe. Ina garin a 2022 aka sa wa wani gini sunan Autherine Lucy, ta halarta tana tsohuwa tukuf, ba a yi mako guda ba ta rasu.

Ni dai sau ɗaya aka zage ni a fili, wani mutum a cikin a-kori-kura a bakin kanti, kuma ba ɗalibi ba ne. Abin da ya fi ƙona mini rai wani abu ne daban, wanda ba wanda ya gargaɗe ni a kansa. Mutanen kudu suna da ladabi matuƙa, za su riƙe miki ƙofa, su yi miki murmushi, su yabi hijabinki, su ce lallai wata rana sai kin zo gidansu cin abinci. Mu mun ce shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma, to a can fuskar ce kawai a shimfiɗe, tabarmar ba ta fitowa. A babbar Sallata ta farko wata 'yar ajinmu ta yi alkawarin zuwa. Na tuƙa tuwon shinkafa, na kaɗa miya da 'yar kukar da Inna ta ƙulla mini a leda, na share ɗaki na turara, na zauna jira. Bayan magariba ta turo saƙo mai daɗin kalmomi cewa wani abu ya taso. Na ci tuwon ni kaɗai ina hawaye, kuma da na ƙirga daga baya, gida uku kawai na shiga na 'yan garin a shekara shida. Ba na cewa mugunta ce, domin yawancinsu suna da abokai tun na yarinta da na coci, ba su da gurbin baƙo, amma kaɗaicin ya kusa sa in haɗa kayana a shekarar farko.

An kuma faɗi gaskiya cewa masu addini ne. Za a tambaye ki cocin da kike zuwa tun kafin a riƙe sunanki, kuma za a gayyace ki. Kaɗan sun ja baya da suka ji ni Musulma ce, amma masu ibadar cikinsu ne suka fi fahimtar abin da ke fitar da ni daga ɗakin gwaji lokacin azahar. Wata dattijuwa 'yar coci ce ta riƙa kai ni cefane a motarta wata da watanni kafin na sayi tawa, ba ta taɓa karɓar ko sisi ba.

Ki kiyaye wani kuskure da na yi. Kada ki ɗauka baƙaƙen Amurka za su rungume ki don launinku ɗaya, kada kuma ki raina kokensu. Na taɓa cewa a gaban wata ɗaliba ai wariya ta zama tarihi. Ba ta yi gardama ba, ta kama hannuna har ƙofar zauren Foster, ta ce kakarta da ke raye a garin nan ta girma, kuma a lokacin ƙuruciyarta ba ta isa ta zauna a aji a makarantar ba. Baƙaƙe sun haura kashi ɗaya cikin huɗu na mutanen jihar, amma a jami'ar kusan ɗaya cikin goma ne. Wannan ɗaliba ita ce daga baya ta zama aminiyata, ita ta zauna a layin gaba ranar da na kare bincikena, ranar da ba ko ɗaya daga gida a ɗakin.

Akwai masallaci kusa da makaranta, ana Juma'a, kuma nan za ki nufa a makonki na farko kafin kaɗaici ya kama ki. Ki koyi tuƙi tun kina gida, domin garin ba ya zaunuwa babu mota. Idan jiniyar guguwa ta yi kuka kada ki tsaya kallo ta taga, guguwar 27 ga Afrilu 2011 ta kashe mutane da dama a garin, har da ɗalibai shida. Kada kuma ki amsa gurbin sai kin ga takardar tallafi a rubuce, domin aikin awa 20 a mako da bizar ɗalibi ta yarje ba zai biya kuɗin makaranta ba.

Ki karanta wa Kawu wannan wasiƙa duka, har da maganar giyar, kada ki tsallake ko layi ɗaya. Ranar Lahadi bayan la'asar ɗinku zan kira shi da kaina. Ki gaida Inna, ki ce mata ta fara tanadin kuka da daddawa.

Yayarki.